Idan Za Ki Rubuta Labarin Mai Rikiɗa Kura, Wa Za Ki Ɗora wa Jinin?

Wata ɗaliba daga wani ƙauye a ƙasar Gumel ta aiko da tambaya. Ta ce ta karanta wani ƙagaggen labari na Turawa a kan mutumin da ke rikiɗa ya zama kerkeci, inda marubucin ya fake da wannan halitta ya yi magana a kan waɗanda jama'a ta mai da saniyar ware. Tana so ta rubuta irinsa da Hausa, ta kafa shi a ƙauyensu. Shin zai zauna a ƙasarmu? Kuma ta ina za ta faro?

'Yata, zai zauna daram. Na daɗe ina koyar da adabin Hausa a makarantun ƙauye, kuma na daɗe ina jiran wanda zai taɓa wannan fage da gaske. Sai dai akwai wani rami a kan hanyarki, wanda marubucin da kika karanta ba lallai ya damu da shi ba, ke kuwa dole ki damu. Zan kai ki bakinsa, amma mu fara da dabbar.

Ki sauke kerkeci, ki ɗauki kura. Babu kerkecin Turai a jejinmu, kuma ko sunansa yawancinmu a tafsiri muka fara ji. Kura kuwa mun tashi da ita tun a tabarmar tatsuniya, kuma ki duba matsayin da muka ajiye ta. Zaki na da kwarjini, dila malamin daji ne, Gizo na da wayo. Kura fa? Haɗama, tsoro, wari, wauta. Kullum ita ake yi wa zamba, ita ke shan duka a ƙarshen labari. Ƙafafunta na gaba sun fi na baya tsawo, shi ya sa take tafiya kamar mai ɗingishi, kukanta kuma kamar dariyar mutum. Ba ta zama can ƙuryar daji ta rabu da mu, ba ta kuma shigowa gida. A bakin gari take, tana zuwa da dare ta ci abin da gari ya yar a juji da mahauta. Turawa suna tsoron kerkecinsu, amma a cikin tsoron akwai girmamawa. Mu kuwa raina kura muke yi, muna kuma tsoronta a lokaci guda, kuma wannan shi ne ainihin yadda muke yi wa mutanen da muka ware. Ki tuna gardi a kasuwa, ya sa mata takunkumi da sarƙa, yara sun kewaye. Hausawa da kansu suka ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Rabin siyasar littafinki tana cikin wannan karin magana. Wani abu kuma da zai yi miki amfani: masana dabbobi sun tabbatar cewa kura mai dabbare-dabbare mafarauciya ce, da kanta take kama yawancin abincinta, sau da yawa ma zaki ne ke ƙwace mata. Kuma a garkensu mace ce ke mulki, ta fi namiji girma. Ashe sunan da muka ba ta na matsoraciya mai cin mushe, mu muka liƙa mata.

Yanzu ga inda abin da kika karanta ya samo asali. A tsohon Turanci, "wer" na nufin namiji, shi ne aka haɗa da sunan kerkeci aka sami "werewolf". A dokar Ingila ta zamanin da, idan aka kore mutum daga kariyar shari'a, akan ce yana ɗauke da kan kerkeci, wato duk wanda ya same shi yana iya kashe shi kamar dabba, ba mai tambaya. A tsohon harshen mutanen arewacin Turai ma, kalma guda, "vargr", tana nufin kerkeci, tana kuma nufin wanda aka kora daga jama'a. Kin ga ke nan ba marubutan zamani ne suka ƙirƙiro haɗa wannan dabba da korarre ba. Tun fil azal abu guda ne.

Kuma Turawa sun kashe mutane a kai. A farkon shekarun 1570, a garin Dole da ke gabashin Faransa ta yau, yara suka riƙa ɓacewa. Wanda aka kama shi ne Gilles Garnier, wani matalauci da ke zaune can bayan gari shi da matarsa, ba ya cuɗanya da kowa. Aka ƙone shi. A 1589, a Bedburg kusa da Kolon ta Jamus, aka kashe wani manomi, Peter Stumpp, bayan an azabtar da shi ya ce Shaiɗan ya ba shi ɗamarar da ke mai da shi kerkeci. Har 'yarsa aka haɗa aka kashe. Wannan kuwa ya faru ne daidai lokacin da yankin ya fito daga yaƙin ɗarika tsakanin Katolika da Furotesta, ƙauyuka cike da sojojin haya da yunwa. A 1603 kuma wani yaro makiyayi, Jean Grenier, ɗan shekara 13 ko 14, ya riƙa yi wa 'yan'uwansa yara alfahari cewa yana rikiɗa. Shi ya yi sa'a, kotun Bordo ta ga hankalinsa bai cika ba, ta tura shi gidan ibada maimakon wuta. Ki jera su ki gani: mazaunin bayan gari, manomi a lokacin rikici, yaro mai kiwo marar gata. Ko waye ya aikata kisan a zahiri, ido ya san inda yake fara kallo.

Maganar farin wata cikakke, da harsashin azurfa, da cewa wanda aka ciza shi ma zai zama, yawancinsu fina-finan Amurka na shekarun 1930 da 1940 ne suka kafa su a zukatan mutane. Wanda ya rubuta shahararren fim ɗin mai rikiɗa kerkeci na 1941, Curt Siodmak, Bayahude ne da ya gudo daga Jamus bayan Hitila ya hau mulki, mutumin da aka wayi gari ƙasarsa ta ce shi dodo ne. Ba ki buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan kaya. Ki bar musu.

A nan Afirka ma haka abin yake. A Habasha akwai imanin da suke kira "buda", cewa wasu mutane na rikiɗa kura da dare, kuma waɗanda aka fi jifa da wannan su ne maƙera da magina tukwane da Yahudawan ƙasar, mutanen da a da ake buƙatar aikin hannunsu amma ba a ba su gona, ba a kuma ba su aure. Ke da kike 'yar ƙasar Gumel, maƙwabciyar Mangawa da Barebari, ki saurari kalmar nan tamu ta kambultu da kyau. A harshen Kanuri "kam" mutum ne, "bultu" kuwa kura.

To, ga ramin. Marubucin Turai yana iya sa korarrensa ya rikiɗa da gaske, ya ci mutane da gaske, mai karatu ya tausaya masa, a tashi lafiya, domin yau babu kotu ko gungun matasa a Faransa da za su kama wani don an ce kerkeci ne. Abin ya zama tarihi a wurinsu. A wurinmu bai zama ba. Har gobe ana cewa wance ta kama kurwar yaro, a fito da ita tsakar gida, a tilasta mata ta tsallake shi, wani lokaci tsirara, wani lokaci a yi ta duka har rai ya yi halinsa. Idan kika ɗauki tsohuwar da ke ƙarshen gari, ko ɗan mahauci, ko Bamaguje, ko Bafulatanin ruga, kika ce shi ne ke rikiɗa yana cinye yara, to duk tausayin da kika zuba masa a shafuka ɗari biyu ba zai goge abu guda ba: littafinki ya ce mutanen gari sun yi gaskiya. Mai karatu a ƙauye zai rufe littafin ya ce, ai dama an faɗa. Kin shiga don ki kare saniyar ware, kin fito kin wasa wa masu jifanta wuƙa.

Ina wannan magana da zafi saboda na gani. Ina yaro, akwai wata tsohuwa a unguwarmu mai sai da ƙuli-ƙuli da daddawa. Aure ya kawo ta daga wani gari mai nisa, mijin ya rasu, 'ya'yanta biyu sun mutu tun suna ƙanana, ta rage ita kaɗai a gida mai ɗaki ɗaya da 'yar gona a bayansa. Wata damina zazzaɓi ya kwantar da wani yaro maƙwabcinta, jikinsa ya yi zafi har yana sambatu. Manya suka kewaye shi suna tambaya, wa ka gani, wa ya riƙe ka? Yaron da kullum a wurinta yake sayen ƙuli, sunan wa zai kira? Ba a kashe ta ba. Abin da aka yi mata ya fi kama da kisan a hankali. Aka daina sayen kayanta. In ta zo rijiya mata su ja 'ya'yansu. In ta zo ɗibar wuta a ce wutar ta mutu. Mu yara, Allah Ya yafe mana, muka riƙa jifan dangarta muna gudu. Kafin kaka biyu ta tattara ta bar garin, ban sake jin labarinta ba. Gonar kuwa, wani daga dangin mijin ne ya shiga nomanta tun kafin ƙurar tafiyarta ta kwanta. Sai da na girma na haɗa waɗannan abubuwa biyu.

Shi ya sa nake ganin mabuɗin littafinki ba a Turai yake ba, yana cikin surar da kika haddace. A Suratu Yusuf, 'yan'uwansa ne suka jefa shi rijiya, sannan suka dawo da dare suna kuka, suka ce kerkeci ya cinye shi, suka kawo rigarsa da jinin ƙarya. Kuma ki lura, mahaifinsu ne ya fara ambaton tsoron kerkeci a aya ta 13, su kuma suka ɗauki tsoron nasa suka yi masa ƙarya da shi a aya ta 17. Dabbar ba ta taɓa kowa ba. An same ta ne a shirye, kowa zai yarda da laifinta. Duk lokacin da kika zauna rubutu, ki tambayi kanki su waye 'yan'uwan Yusufu a wannan babi, kuma wace riga suka kawo.

Wannan ba yana nufin ki cire rikiɗar ba. In kika cire ta kin rubuta wa'azi, ba labari ba. Ki bar ta, ta zama gaskiya a cikin littafin, amma ki raba ta da laifin. Yarinyarki tana iya rikiɗa da gaske, tana fita da dare tana zaga bayan gari, ba ta taɓa cin komai ba sai mushen akuya, kuma don haka ita kaɗai ta ga wanda ya haƙa abin da aka haƙa, ko ya kora shanun da aka ce kura ta tarwatsa. Ga shaida a bakinta, amma in ta faɗi yadda ta gani ta kashe kanta. Wannan ƙulli kaɗai ya isa ya ɗauki littafi. Ko kuma mai rikiɗar ya kasance ɗan babban gida, mai sahun gaba a masallaci, wanda kowa ya sani amma ba mai iya faɗa, duk sa'ad da ya yi ɓarna sai a nemo wata marar gata a ɗora mata. Ni na fi son na farko, domin na biyu yana da saurin zama ramuwar gayya, a juya zargin kawai daga talaka zuwa mai kuɗi, alhali cutar ita ce zargin kansa.

Akwai wani bambanci da nake so ki daɗe a kansa, domin a nan littafinki zai zama na Hausa. A fim ɗin Turawa cizo ne ke yaɗa abin, wato daga waje yake zuwa, kowa na iya kamuwa. A imanin mutanenmu kuwa maita a nono ake shanta. Ana cewa wanda ya gada ta wajen uwa shi ke kamawa, wanda ya gada ta wajen uba gani kawai yake yi, wani kuma sayen ƙanƙara yake yi ya haɗiye. Kin ga inda wannan ya kai mu. Laifin ya bi ta jikin mace, ya kuma zama maganar asali. Shi ya sa filin da ake fafata wannan yaƙi a ƙauye ba daji ba ne, wajen binciken aure ne. An kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, sai wata gwaggo ta dawo daga bincike ta ce a rage murya, kakar yarinyar ta wajen uwa an taɓa cewa wani abu a kanta. Ba a faɗa wa yarinyar dalili. Ana dai aikowa a karɓi kaya. Ta shiga shekara ashirin da biyar a ɗakin uwarta, ƙannenta na bayanta su ma ba mai zuwa zance. Ki rubuta wannan daren da aka mayar da kaya, ki rubuta fuskar uwar da ta san saboda ita ne. Babu wata rikiɗa a tsakar dare da za ta kai wannan ban tsoro.

Kuma ba maita kaɗai ba. Kin san gidajen da ba a so a haɗa jini da su, ko da ba a faɗa a zaure. Kowa na cin naman mahauci, kowa na son maroƙi ya wasa shi ranar biki, amma ki nemi auren 'yarsu ko su nemi taku ki ji abin da za a ce. Gidan da aka taɓa yin kuturta, ko da yanzu maganinta kyauta ne kuma ana warkewa. Mai farfaɗiya, da ake gudun miyansa alhali cutar ba ta yaɗuwa. Agola a gidan mijin uwa. Jikokin bayi, da har yau wasu ke tuna musu. Kada ki tara su duka a littafi guda kamar kayan koli. Ɗaya ya ishe ki, wanda kika sani ciki da bai.

Sannan ki nemo abin da ake so a ƙwace, domin zargi ba ya tashi haka kawai. Kusan kullum akwai gona, ko gado, ko kishi tsakanin kishiyoyi, ko rikicin sarautar mai unguwa. A gabashin Jigawa, tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yadda ruwa ke malala a fadamun Haɗeja ya sauya, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, filin noma da na kiwo da na su suka matse, burtali ya shige cikin gonaki. A irin wannan matsi ne manomi da makiyayi da suka yi shekaru suna musayar nono da hatsi ke wayar gari kowa na kiran ɗan'uwansa dabba. Ki je kasuwar Maigatari ranar Alhamis ki zauna kusa da dillalan shanu, ki saurari yadda ake maganar mutanen ruga da Buzaye in ba sa kusa, da yadda murya ke sauyawa in sun iso. Ki kuma daidaita labarinki da kalandar cuta. Zazzaɓin cizon sauro a ƙarshen damina yake kwasar yara, sanƙarau kuma da zafin bazara. A annobar sanƙarau ta 1996 fiye da mutum dubu 11 suka mutu a Nijeriya, yawanci a nan arewa. Uwar da ta binne yaro biyu a mako guda, asibiti na da nisa, tana neman wanda za ta riƙe. Mu ne fa muka sa wa cutar shan inna sunan aljana.

Wannan uwa kada ki mai da ita muguwa. In maye ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba, kuma zafin da ke cikinta gaskiya ne ko da wadda ta nuna ba ta yi komai ba. Haka dagacin da ya san ƙarya ce amma yana tsoron gari ya juya masa baya, da limamin da ya karanta ayar nisantar zato ta Suratul Hujurat ranar Juma'a, ya yi shiru ranar Asabar da aka kewaye gidan. Waɗannan su ne mutanen littafinki. Mugu ɗaya tak ya isa, shi ma ki ba shi dalilinsa. Ita ma yarinyar kada ta zama waliyyiya. Wanda aka daɗe ana warewa yakan yi ɗaci, yakan yi ƙarya don ya tsira, wani lokaci ma yakan ji daɗin tsoron da ake yi masa, domin shi ne kaɗai ƙarfin da aka bar masa. Na san tsofaffin da, bayan an gama ɓata musu suna, suka riƙa cewa to ku kiyaye ni, don a daina taka su. Ki bar ta ta ɗanɗani wannan, ki bar mai karatu ya ji tsoron kada ta zama abin da ake cewa.

Ki kuma san doka, ko don alƙali ko ɗan sanda da zai shigo labarin. Dokar laifuffuka ta Penal Code da arewa ta fara aiki da ita a 1960, a sashe na 216, ta haramta mutum ya ce shi maye ne, ta kuma haramta a zargi wani da maita, da hukuncin da zai iya kai ɗaurin shekara biyu. Mutanen ƙauye kaɗan ne suka san rabi na biyu. Yarinyar da ta yi sakandare ta san wannan, tana tsaye a ƙofar gidan kakarta tana faɗa wa taron da ba ya ji, babi ne guda.

Game da ta ina za ki faro: kada ki buɗe da kukan kura a maƙabarta, kowa zai yi haka. Ki buɗe da rana tsaka, da abu ƙarami. Yarinya ta kai tallan awara ƙofar makarantar allo kamar kullum, yau ba wanda ya saya, ba ta san dalili ba. Kalmar maita ko rikiɗa kada ta fito sai can gaba, domin a ƙauye ma ba a fara faɗarta. Cewa ake yi idonta ba kyau, ko gidan nan dai a yi hankali, ko ni ban ce komai ba. Ki zauna da kakarki da ƙawayenta bayan sallar isha, ki tambaye su wa aka taɓa cewa yana rikiɗa a zamaninsu. Za su ba ki labarin sawun kura da ya shiga wani gida bai fito ba, da mutumin da aka sari kura a ƙafa aka wayi gari yana ɗingishi. Ki rubuta yadda suka faɗa, da kalmominsu. In sun gama, ki yi musu tambaya biyu: daga wane gari aka ce iyayensa suka zo, kuma bayan ya tashi, wa ya noma gonarsa. Sunayen da za su ba ki, da sunan ƙauyen, duk ki canza su kafin ki sa a takarda, domin jikokin mutanen nan suna raye, wasunsu ma ba su yi aure ba tukuna.